Lambar Yabo ko Lambar Kasuwa?

A wannan fitowa za mu duba wani al'amari da ya shigo gidajenmu ta hannun ƴaƴanmu, wato yawan lambobin yabo da ake ba ƴan wasan kwaikwayo, mawaƙa da masu barkwanci. Yau da wuya a wuce wata guda ba a ji an shirya wani bikin karramawa a ɗakin taro ko a otal ba. Yaron da ya hau dandali bara, bana za ka ga hotonsa riƙe da kofi, an rubuta masa "gwarzon shekara". Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: shin gwanaye ne suka ƙaru, ko kuwa lambar ce ta yi araha?

Kafin mu ba da amsa, bari mu waiwayi yadda abin yake a da. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya a Nijar, aka kuma riƙa yin bikin matasa na ƙasa, inda ake gasar waƙa, rawa da teyatur. Ƙungiya ba ta isa dandalin ƙasa sai ta yi zarra a garinsu, sannan ta kayar da takwarorinta na yankinta. Ko da ta kai can, ta riga ta sha gwaji gaban jama'a da alƙalai. A wannan zamani ne sunan Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram ya cika gidaje ta rediyo da talabijin. Haka nan a 1987 aka kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, don tunawa da shahararren makaɗin Tawa. A fagen fim kuma, lokacin da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar lambarsa a 1972, ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya ɗauke ta, kuma har yau ana ambaton wannan nasara.

Misalin da ya fi kusa da kowa shi ne takobin kokowa. Tun da aka soma gasar a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki, takobi ɗaya ake bayarwa a kowace gasa. Ƴan kokowa 80 ke zuwa daga jihohi takwas, mutum ɗaya ke komawa gida da shi, kuma duk ƙasa ta ga yadda ya kai abokan karawarsa ƙasa. Darajar takobin ta fito ne daga mutum 79 da suka koma hannu wofi. Da a ce za a ƙera takubba arba'in a raba, da ba wanda zai bar aikinsa ya zauna gaban akwatin talabijin.

To, me ya canja a fagen wasanni? Abu na farko shi ne yawan masu bayarwa. A da hukuma ce ko babbar cibiya ke shirya gasa. Yanzu duk wanda ya iya kama ɗakin taro, ya buga allon talla, ya sayo kofuna a kasuwa, ya zama mai karramawa. Abu na biyu, rukunan sun yi yawa: gwarzon jarumai, gwarzon masu tasowa, gwarzon ado, gwarzon farin jini, har ya zama duk wanda aka gayyata akwai abin da zai riƙe a hoto. Abu na uku, wanda ya fi muni, shi ne kuɗi sun juya hanya. A gasa ta gaskiya mai shiryawa ne ke kashe kuɗi, wanda ya ci ya amfana. A wasu bukukuwan yanzu ɗan takara ne ke biyan kuɗin rajista, ya sayi teburi, ya roƙi dangi su yi ta aika saƙon waya na kuɗi, ko su yi ta danna masa a Facebook. A irin wannan zaɓe ana auna nauyin aljihun dangi ne da yawan abokai. Gwaninta a kan dandali ba ta shiga lissafi.

Wannan cuta ba mu kaɗai ta dama ba. A Amurka, masu ba da lambar kiɗa ta Grammy sun ga rukunansu sun kai 109, sai suka rage su zuwa 78 a 2011, amma zuwa 2024 sun sake hawa 94. Ke nan ko manyan cibiyoyi suna fama da matsin masu son a buɗe musu ƙofa. Sai dai akwai shingen da suke tsarewa. Lambar Tony, wadda ake ba ƴan wasan dandali a birnin New York tun 1947, tana da ƙa'idar cewa mai jefa ƙuri'a ya kalli dukan wasannin da ke takara a rukuni kafin ya zaɓa. Mu tambayi kanmu: alƙalai nawa ne a bukukuwanmu suka zauna suka kalli wasan da suka yaba daga farko har ƙarshe?

Adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare yawan lambobi suna cewa tsohon tsari ma yana da nasa aibin. Gasar da hukuma ke shiryawa, saƙon hukuma take so a isar, kuma mai wasan da bai bi wannan layi ba da wuya ya ga haske. Suna cewa ƙofa ɗaya ta yi wa jama'a kaɗan, musamman mata da mutanen karkara. Suna kuma tuna mana cewa gwanaye da yawa sun tsufa ba a ce musu sannu ba. Alhaji Mamman Shata sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, bayan shekaru masu yawa yana waƙa, kuma wasu tsaransa sun koma ga Mahaliccinsu ba su ga ko takarda ba. Wannan magana gaskiya ce. Yaba kyauta tukuici, kuma matashin da aka ƙarfafa wa guiwa yakan ƙara himma.

Amma a nan akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Al'adarmu ta san kyauta: mai gida ya ji daɗin waƙa, ya ba makaɗi riga, ko doki, ko ya liƙa masa kuɗi a goshi. Kowa ya san wannan son rai ne na mai bayarwa, ba wanda aka yaudara. Lambar gasa kuwa shaida ce. Mai ba da ita yana gaya wa jama'a cewa an duba, an gwada, an sami wane ya fi saura. In ba a duba ba, ba a gwada ba, to an ba da shaida a kan abin da ba a gani ba, kuma duk gidan da ya san nauyin shaida ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fara cutuwa shi ne matashin da aka ba. An gaya masa ya isa alhali yanzu ya kama hanya. Daga ranar ba ya son gyara, ba ya zuwa gwaji a kan lokaci, yana ganin ya wuce zama gaban wanda ya koya masa. Bayan shekara biyu jama'a su juya ga wani sabon gwarzo, shi kuma ya rage da kofi a kan kabad, wataƙila ya bar lakwal saboda shi. Na biyu shi ne gwani na gaskiya, wanda ya yi shekara ashirin yana gyara muryarsa da tsayuwarsa, yau an jera shi sahu ɗaya da wanda ya biya. Na uku mu ne masu kallo, domin lambar da ya kamata ta nuna mana wasan da ya cancanci mu zauna da iyali mu kalla ta daina nuna komai.

Maganin ba shi ne a hana karramawa ba. Masu shiryawa su bayyana sunayen alƙalansu, su faɗi ma'aunin da aka yi aiki da shi: rubutu, iya magana, riƙe hali a kan dandali, da amfanin saƙo. Su raba lambar alƙalai da ta farin jinin jama'a, kowace da sunanta. Kada ɗan takara ya biya ko dala. Su rage rukuna, kuma su yi ƙarfin halin cewa bana ba wanda ya kai, in haka ta kasance. Wanda kuma yake son ya gode wa dattijon ɗan wasa, ya kira abin da sunansa, girmamawa, ya haɗa da abin da zai amfane shi na magani da cefane.

Ku kuma iyaye, idan ɗa ko ɗiya suka zo da albishir an sa su takara, ku yi murna da su, sannan ku yi tambaya huɗu cikin natsuwa. Su wa ke alƙalanci? Wane wasa suka kalla? Wa ke biyan kuɗi? Su wa za su iya faɗuwa? In amsar ta ƙarshe ita ce ba kowa, to ba gasa ba ce, ciniki ne, kuma gara kuɗin su tafi ga littafi ko ga malamin da zai koya wa yaron sana'ar da kyau. Gwani ba ya ɓuya. In yaro ya iya, jama'a za su kira sunansa tun kafin a rubuta shi a jikin kofi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu faɗi gaskiya a yabo da gyara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.