A Bar Shanya Kayan Ɗaki A Rana Don Banish Ya Bushe

Jama'a, 'yan kasuwa da dillalan kayan ɗaki, ina da magana a kan banish, wato man da kafinta ke shafa wa katako ya yi ƙyalli. Bara na kai wani mutum wurin kafinta ya yi cinikin gado da kabad na auren 'yarsa. Biki saura kwana 3, muka matsa wa kafinta lamba, shi kuwa ya lafta banish mai kauri ya fitar da kaya rana. Da la'asar muka taɓa, ba ya kama hannu, aka naɗe da buhu aka ɗora a mota. Ko da aka kwance, sai ga zanen buhu raɗau a ƙofar kabad. La'adata duk ta tafi a gyara, har na yi ciko. Kuma gaskiya laifina ya fi na kafintan.

To, ku sani bushewar banish mai mai iri biyu ce. Ta farko, tinan da ke ciki ya tashi, wannan cikin awoyi kaɗan ne. Ta biyu, man ya sha iska ya taurare har ƙasa, wannan kuwa yakan ci mako 3 ko 4. Rana tana ƙafar da saman kaɗai, ta yi masa fata, cikin yana ɗanye, daga nan sai yamutsewa. Ga shi zafi yana kumbura iskar da ke cikin ramukan katako, ta fito ta yi ƙuraje. In lokacin hunturu ne, ƙura ta zauna a kai ya koma kamar samfefa.

Wanda ke son sauri, hanya ita ce shafi marar kauri. A sirka banish da tina kaɗan, a shafa sau 3 siriri, a bar kwana guda tsakani, a goge da samfefa mai laushi kafin a ƙara. Wannan ya fi shafi ɗaya mai kauri saurin taurarewa nesa ba kusa ba. A ajiye kaya a inuwa, cikin ɗaki mai ɗumi da iska ke ratsawa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Fanka tana taimako, amma kada a saita ta kan kayan. Masu sirkawa da kananzir jinkiri suke sayowa, don ba ya tashi da wuri. Fetur kuwa kiran gobara ne.

Katakon ma a duba. In ɗanye ne, babu dabarar da za ta yi. Loko kuma da halinsa, yana da wani abu a jikinsa mai hana banish bushewa, sai an goge shi da tina tukuna.

In aiki na gaggawa ne ƙwarai, a ce wa kafinta ya yi feshin laka tun wurin ciniki. Ita da tashin tina kawai take bushewa, amma da damina takan yi fari-fari saboda laima.

Kai dillali, kafin a ɗora kaya, danna farce a wurin da ba a gani. In ya yi shaida, ko wari yana tashi sosai, kada a naɗe. Ni dai yanzu ba na karɓar aikin kayan amarya in biki bai kai saura wata guda ba.