Kurumtar Ganganci a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

'Yan'uwa ɗalibai, masu cewa toshe kunne da kiɗa cikin jirgi wayewa ce, ban yarda ba ko kusa! Wani dare na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, daga tashar Sadat zuwa Helwan. Kowa ya cusa 'yar waya a kunne, har da ni, ina shan waƙar Ummu Kulsum. Sai da muka wuce Ma'adi na lura bakin wani tsoho yana motsi. Ashe tun ɗazu tambaya yake, can zai sauka. Tun fitowar Walkman a 1979 ake kiran wannan kurumta 'yanci. 'Yancin me? Dattijon nan a baƙuwar tasha ya sauka da tsakar dare, yana waige-waige.