Babur ɗinka na zubar da baƙin mai? A wanke a gani kafin a kwance inji



Duk wanda ya san Karshi ya san babur ne ƙafar garin. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a watan Oktoban 2006, lokacin Malam Nasir El-Rufai yana minista, sana'ar ta tattaro ta dawo garuruwan gefe: Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, Orozo, har zuwa nan wajenmu. Da babur ake kai yara makaranta, da shi ake garzayawa da mai naƙuda Babban Asibitin Karshi cikin dare, da shi ake fito da doya daga gona. Kuma da yawa daga masu tuƙa shi 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Shi ya sa maganar yoyon baƙin mai ba ta kanikawa kaɗai ba ce, ta shafi duk mai hawa.

Ku duba ƙasa a duk inda 'yan acaɓa ke jeruwa suna jiran fasinja. Za ku ga ta yi baƙi, ɗigo a nan, ɗigo a can. In ka yi wa mai babur magana sai ya ce, "Ai gumi ne ranka ya daɗe, kowane tsohon inji yana yi." Ni ban yarda da wannan maganar ba. Inji ba ya gumi. Mai ne ya samu ƙofa yake fita, kuma ƙofar nan tana da wuri takamaimai da za a iya nunawa da yatsa.

Hanya biyu muke bi da wannan matsala a garin nan, kuma duk ba su yi mini ba. Ta farko, mai babur ya riƙa ciko. Kowane 'yan kwanaki ya tsaya a bakin titi ya ce a zuba masa na kaza. Ta biyu, ya kai wa bakanike, shi kuma ko leƙawa bai yi ba sai ya ce faki ne, a sauke inji, ko ya ɗauko gam ya shafe duk inda ya ga danshi. Mai ciko da mai gam abu ɗaya suka tsallake, wato a fara gano inda man yake fita.

Mu fara da lissafin mai ciko. Ƙananan baburan da muke hawa, irin Bajaj Boxer da TVS da Haojue, abin da injinsu ke ɗauka bai wuce lita ɗaya ba ko kusa da haka. Lita ɗayan nan ita ke shafe fistin, ita ke hawa sama ta jiƙa bawul, a cikinta kuloci da giya suke wanka, kuma da yake injin ba shi da lagireto, ita ke taimaka wa iska wajen kwashe zafi. To in kana cika kwatan lita duk mako, a wata ka zubar da juye guda cur a kan titi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, baƙin mai da kayan gyara ma ba su tsaya inda suke ba. Wanda ke kukan balas ya yi masa yawa ba shi da rarar da zai shayar da kwalta. Ranar da ya manta bai duba ba kuma, ya ɗauko mutum biyu da buhu a tsakar rana, ranar injin zai buga. Abin da 'yar roba ɗaya za ta gyara sai ya koma sayen fistin da ringi da bulo.

Ga abin da ya sa nake cewa a wanke tukuna. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya. Saboda haka inda ka ga yana ɗiga ba nan ba ne yake fita. Yana iya tsattsafowa daga murfin bawul can sama, ya bi jikin silinda, ya zagayo ƙarƙashin inji, ya ɗiga daidai notin juye. Kai kuma ka yi ta ɗaure notin da bai yi laifin komai ba. Ga ƙurar hanyoyinmu, da rani ja, da damina caɓi. Ta haɗu da mai ta zama wani baƙin kwaɓi da ya rufe injin gaba ɗaya, ba wanda zai iya gane komai a ciki, komai ƙwarewarsa. Kwaɓin nan ma in ya cike tsagogin jikin silinda yana hana iska sanyaya injin.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. A bar inji ya huce. A sa kananzir da buroshi a kankare, a bi da ruwan omo, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. A duba mai a kan babban sitan a wuri mai daidai, a tabbatar yana tsakanin layuka biyu na geji. Sai a tayar, a ɗan zagaya na minti 10 zuwa 15, a dawo a tsuguna a duba tun daga sama. Wurin da ya fi kowane tsayi kuma ya fi kusa da gaba da aka ga danshi, nan ne mafarin. In yoyon ƙarami ne bai nuna ba, a barbaɗa hoda, ko ta jarirai ce, a wuraren da ake zargi. Mai zai zana wa kansa baƙin layi a cikin farin. Da dare kuma a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Da safe a duba ɗigon, a shinshina. Fetur yana da wari kuma yana bushewa, wannan daga kafireta ne ko tiyo. In kuma ɗigon yana wajen tayar gaba, a duba shokozoba, ba inji ba.

In an wanke, sau da yawa abin da ake gani ƙarami ne. A gefen dama akwai fakin murfin kuloci da sil ɗin sandar kik. A gefen hagu akwai sil ɗin sandar giya da wanda ke bayan ƙaramin sifiroket. Wannan na ƙarshen shi ya fi ruɗa mutane. Da yawa cikinmu tsohon baƙin mai muke tsiyaya wa sarƙa, ita kuma ta watsa shi cikin murfi, ya taru ya ɗigo, sai a ce inji na yoyo alhali lafiyarsa lau. Wani lokacin kuma da gaske sil ɗin ne ya mutu, amma abin da ya kashe shi sarƙa ce da aka ja ta yi tauri, ko leda da zare da suka nannaɗe a wurin. In ba a sassauta sarƙar ba, sabon ma haka zai bi.

Notin juye kuwa yana da 'yar washa da ke lotsewa ta toshe wurin. In ta gaji a sake ta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma sai ka ga yaron shago ya sa ƙarfinsa duka a sifana. Jikin injin alminiyom ne, notin ƙarfe ne, zaren alminiyom ɗin ne zai tafi. Daga nan sai a shiga naɗa leda da zare, tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani abu da ban cika jin ana magana a kai ba, wato numfashin inji. Akwai 'yar tiyo da ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In laka ta toshe ta, ko ta lanƙwashe, iskar za ta nemi hanya ta ture mai ta duk sil ɗin da ya fi rauni. Haka ma in an zuba mai ya wuce layi, wai don a ji daɗin inji. Haka in ringi ya cinye. Ka ga mutum ya canza sil sau uku a wata biyu yana zagin kayan gyara wai jabu ne. Jabun akwai su, ban musa ba, amma ba ko yaushe nan gizo ke saƙar ba. In kuma mai na raguwa, kwali ya kwana fes, to ba yoyo ba ne, injin ne ke shan sa. A duba salansa ko tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, a kwance filogi a ga ko ya jiƙe. Wannan kam sai an buɗe, kuma a nan bakanike yana da hujja.

Game da gam, zan faɗa ko da wasu abokaina kanikawa za su ji haushi. Gam yana da wurinsa, kaɗan, a kan fuska mai tsafta. Amma lafta shi a bayan inji a kan mai ba ya kamawa. Wanda aka cika a ciki kuwa, in an ɗaure sai rarar ta matso ciki, ta gutsure, ta bi mai ta toshe rariya ko siririyar hanyar da ke kai mai sama. Yoyo ya tsaya, mai babur ya tafi yana godiya, bayan 'yan makonni saman inji ya ƙone saboda ƙishi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Na san abin da za a ce mini. Ɗan acaɓa zai ce, "Sakatare, wa zai biya mini balas ɗin rabin yinin da zan zauna jiran inji ya bushe?" Bakanike kuma zai ce su masu baburan ne ke tsaye a kansa da fasinja a rai, ba sa barin a yi aiki a tsanake, kuma ba mai biyan kuɗin dubawa sai an ga an kwance wani abu. Duk biyun akwai gaskiya, musamman ta bakaniken. Mun saba da cewa in ba a ga noti a ƙasa ba, ba a yi aiki ba. To wanda ya tsuguna ya gano maka cewa washa ce kawai, ya cece ka daga sauke inji, ya fi cancantar a sallame shi da kyau a kan wanda ya barbaza maka inji a kan buhu. Shi kuwa mai babur, wankin nan da yamma bayan tashi daga aiki zai yi shi a ƙofar gida, kwali ya kwana, da safe ya je wa bakanike da bayani a hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne fasinja. Yoyon gefen hagu, wajen sifiroket, sarƙa ke ɗauka ta kai baya, ta watsa a gefen taya. Mai a kan roba, ga yayyafin farkon damina, ga kwana, ga tifofin yashi a hanyar Orozo. Matar da ta hau da goyo ba ta san komai a kan sil ba, kuɗinta ta biya. Hanyar Apo da aka ba da kwangilarta tun 2011 mun shafe fiye da shekara goma muna jira, wannan ba a hannunmu yake ba. Tayar da ta jiƙe da mai kuwa a hannunmu take.

Don haka zan kawo shawara a zaman ƙungiya mai zuwa, mu zauna da shugabannin tashoshin 'yan acaɓa da manyan kanikawan garin nan. Buƙata biyu ce kawai. Duk babur ɗin da aka ga mai a gefen tayarsa ta baya, kada ya shiga layi sai an gyara. Sannan kanikawa su tsayar da ɗan kuɗin wanki da dubawa wanda kowa ya sani, daban da kuɗin gyara. Masu ba da babur haya, ku ma ku zo, don injin da zai buga naku ne. Wanda yake da gyara a kan abin da na faɗa, musamman masu sana'ar, ya rubuta a ƙasa, zan karanta a wurin zaman.