Wa ya ce ƙaton bututu ne ke sa mota gudu?

Akwai wata ƙarya da ke yawo a garejojinmu daga Maraɗi har Damagaram, samari sun haddace ta fiye da yadda suka haddace darasinsu: wai in ka yanke salansar mota ka liƙa mata ƙaton bututu, injin zai sha iska ya ƙara gudu. Da wannan ƙarya ake tatsar kuɗin iyaye, da ita kuma ake hana ƴaƴansu jin malami a aji. Wadda ta fi shan wannan wulaƙanci ita ce tsohuwar Toyota Starlet, irin wadda aka daina ƙerawa a 1999, sai baburan da ke biye da ita.

Na san samari ba za su saurari malamin makaranta a kan zancen inji ba. To, mu je wurin mutanen da suka tsufa a kan ƙaramar mota. A Ingila, kamfanin BMC ya fito da Mini a 1959, injiniya Alec Issigonis ne ya tsara ta, da inji mai cc 848 da ƙarfin doki 34 kacal. Wannan ƴar mitsitsiyar mota, a samfurinta na Cooper S, ta cinye gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. An daina ƙera ta a 2000, amma har gobe masu ita suna gardama a kan wane bututun hayaƙi ya dace da ita. Abin da shekaru sittin na gwaji suka koya musu ya saɓa wa abin da ake faɗa wa ƴaƴanmu.

Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo. Bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata lokaci. Duk bugun da ya wuce da sauri yana barin gurbi a bayansa, gurbin nan kuma shi ke janyo hayaƙin da ke biye, ya share silinda ta samu wurin sabon mai da iska. Sauri ne sirrin. Ku dubi zugazugin maƙeri: da bakinsa ya yi faɗin tulu, ko gawayi ɗaya ba zai hura ba. Shi ya sa masu Mini ta hawa titi galibi suke tsayawa tsakanin bututu mai faɗin milimita 38 da mai 45, su bar na milimita 50 ga injin tsere wanda ba ya sauka daga ƙololuwar juyi. Lissafin kuwa na ɗan kwaleji ne: daga 38 zuwa 50, filin bakin bututu ya ƙaru da kashi 73 cikin ɗari, saurin hayaƙin ya faɗi da fiye da kashi 40. Motar za ta yi ruri kamar zaki, amma wajen tashi daga tsaye, ko cikin yashin unguwa da mutum biyar a ciki, ta fi da sanyin jiki. Direba ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya, uba ya ƙara biya.

Dubi ma yadda suke kula da abu ƙanƙane. Injin Mini silinda huɗu gare shi, amma ƙofofin fitar hayaƙi uku ne, don na tsakiya biyu ƙofa ɗaya suke rabawa. Saboda haka aka ƙera masa bututu na musamman mai suna LCB, wanda reshensa na tsakiya ya fi tsawo, don kada bugun hayaƙin ya yi karo da juna. Aikin awo ne da tunani. Mu kuwa mai walda ne zai ɗauko guntun ƙarfen da ya rage daga ƙyauren wani, ya auna da ido.

Ba na musun cewa salansa mai kyau tana iya ƙara wa tsohon inji ɗan ƙarfi. Ta kamfani wani lokaci takan matse hayaƙi fiye da kima. Wanda motarsa ce, kuɗinsa ne, ya canza. Sai dai ya zaɓi faɗin da ya yi daidai da girman injinsa, ya bar tukunyar rage ƙara a wurinta, biyu ma sun fi ɗaya. Ya kuma sa a sake daidaita kafireto, domin injin da hayaƙinsa ya samu hanya yakan buƙaci ƙarin mai, in ba a ba shi ba ya yi zafi ya ƙone bawul. Abin da ya fi duka, a toshe kowace mahaɗa. Hayaƙin mota na ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, tsohuwar mota kuma ƙasanta duk huji ne, yara ne kuma ke zama a baya.

Yanzu mu dawo aji, inda abin ya fi ci mini rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaniyar da ke bayan muryar malami kada ta wuce desibel 35. A 1975, Arline Bronzaft ta binciki wata makarantar firamare a birnin New York da ke gefen layin dogo, ta tarar ɗaliban ɓangaren jirgin suna baya a karatu, ƴan aji shida da kusan shekara guda. Da aka rage ƙarar, bambancin ya ɓace. Can ginin bulo ne da tagogin gilashi. Mu nan dubban azuzuwanmu na zana ne, babu abin da ya raba ɗalibi da titi sai kara. Yaron da ke fama da Faransanci, harshen da ba a yi a gidansu, in harafi ɗaya ya kuɓuce masa a shifta, jimlar duka ta tafi. Mota ɗaya ta wuce da ruri, malami ya yi shiru, ya maimaita, ƴan baya sun riga sun juya suna leƙe. Ku ninka wannan sau goma a safiya.

Iyaye, kada ku ce ba ruwanku. Ɗan lise ba shi da albashi. Jikkunan da aka kai wa mai walda daga aljihunku suka fito, motar ko babur ɗin kuma a ƙofar gidanku yake kwana. Kun ji ƙararsa tun daga kan kwana, kun yi shiru don kada a ce kun tsufa. Malamai ƴan'uwana, mu ma muna da kwamitin COGES a kowace makaranta, kuma mun san ƴaƴan wa ke zagaya katangarmu lokacin darasi. A taro mai zuwa a sa maganar cikin ajanda, a kira iyayen da sunansu, a kuma rubuta wa magajin gari a nemi ƴan sanda su riƙa tsayawa bakin makaranta daga ƙarfe takwas zuwa tashi.