Kanada da Amurka: zumunci daban, ciniki daban

Iyakar Kanada da Amurka ta fi kowace iyaka tsawo a duniya, kusan kilomita 8900, kuma tun da yaƙin 1812 ya ƙare ba a sake yaƙi tsakaninsu ba. Ranar 11 ga Satumba 2001, da Amurka ta rufe sararin samaniyarta, ƙaramin garin Gander na Kanada ya sauki jirage 38, ya ciyar da dubban baƙi.

Amma a Maris 2025 shugaba Donald Trump ya ɗora ma kayan Kanada kuɗin duwan kashi 25 cikin 100, har yana cewa gara Kanada ta zama jiha ta 51 ta Amurka. Ƴan Kanada suka fusata, suka rage sayen kayan Amurka da zuwa can.

Mi ya sa abin ya yi masu zafi? Tun yarjejeniyar sassauta duwan ta 1989, Kanada ta jingina da kasuwa guda: kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da take fitarwa, fetur da motoci da katako, Amurka suke zuwa. Mai saye in shi kaɗai ne, shi ke yanka farashi.

Mu ma mun ɗanɗana haka a Maraɗi da Ƙwanni lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019. A ganinmu, a riƙe maƙwabci da kyau, amma a nemi kasuwa ta biyu tun hanya na buɗe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.