Daga Alhilla Kuku zuwa teburin sulhu: me ya sa Hausawan Sudan ke buƙatar ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa a ranar 21 ga Maris 2025, suka kuma sanar a watan Mayu cewa sun fitar da dakarun RSF daga jihar Hartum baki ɗaya, iyalai suka fara komawa Bahri da Umdurman da Sharƙun Nil. Jami'o'in da yaƙi ya tarwatsa tun 15 ga Afrilu 2023 su ma suna ƙoƙarin komawa mazauninsu. A gidajen Hausawa, kamar na sauran 'yan ƙasa, tambayar da ke gaban iyaye ita ce: yaron da ya yi asarar shekara biyu ko uku, wane fanni zai karanta?

Amsar da aka saba ji ita ce likitanci ko injiniyanci ko ilimin addini. Dukkansu suna da amfani. Sai dai abin da ya faru a shekarun nan ya nuna akwai wani fannin da al'ummar ba ta ba shi muhimmanci ba, alhali shi ne ya fi taɓa rayuwarta: nazarin al'amuran ƙasa da ƙasa.

Fanni ɗaya, ƙofofi da yawa

Mutane da dama na ɗauka wannan karatu na masu son zama jakadu ne kawai. A zahiri haɗaka ce ta tarihi da shari'a da tattalin arziki da kimiyyar siyasa da labarin ƙasa da harsuna. Yaƙin Sudan kansa ya isa misali.

A watan Maris 2025 gwamnatin Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gaban Kotun Duniya da ke Hague, tana zarginta da taimaka wa RSF, zargin da Daular ta musanta. A ranar 5 ga Mayu kotun ta yi watsi da ƙarar ba tare da ta shiga gundarin zargin ba, domin tun lokacin da Daular ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta gindaya sharaɗin cewa ba ta amince da sashe na 9 ba, wanda shi ne ke ba kotun hurumi. Wanda bai san shari'ar ƙasa da ƙasa ba zai ce an yi rufa-rufa. Wanda ya sani zai gane tun farko ƙofar a rufe take.

Haka batun ruwa. Yarjejeniyar 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 na ruwan Nilu a shekara, Sudan kuma biliyan 18.5, ba tare da Habasha ba. A ranar 9 ga Satumba 2025 Habasha ta ƙaddamar da babbar madatsarta a kan Nilul Azraƙ, dab da iyakar Sudan. Manomi da masuncin Bahaushe a Rusairis ko Sinnar yana rayuwa ne a ƙarƙashin wannan madatsa. Fahimtar makomarsa na buƙatar ilimin ruwa da tarihi da diflomasiyya a lokaci guda.

Tarihin da iyaka ta rubuta

Zaman Hausawa a Sudan kansa al'amari ne na ƙasa da ƙasa. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kawo su. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilul Azraƙ. Da aka buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, ƙarfin 'yan Afirka ta Yamma na cikin abin da ya ɗauke shi.

Duk da haka, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Wannan rana ɗaya ta bar zuriyar waɗanda suka iso bayan Burmi cikin shakku shekara da shekaru. Dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma gyaran doka bai goge abin da ke zukata ba. A watan Yuli 2022 rikici kan filaye da sarautar gargajiya ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Nilul Azraƙ, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Hausawa sun yi zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da wasu garuruwa.

A wancan lokaci an ga yawan jama'a a titi. Abin da aka fi buƙata bayan titi shi ne mutanen da za su rubuta takardar koke da hujjar doka, su bayyana yadda yarjejeniyar Juba ta Oktoba 2020 ta sauya lissafin iko a jihar, su yi magana da 'yan jarida da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da harshen da suke ji. Kowa ya san kukan kurciya jawabi ne, amma sai an sami mai fassara shi a inda ake yanke hukunci.

Ina ake karantawa?

Jami'ar Hartum na da sashen kimiyyar siyasa, da Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya wadda aka kafa a 1972, inda Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi bincike mai zurfi kan Hausa da Fulatanci a Sudan. Jami'ar Za'imul Azhari da ke Bahri na da tsangayar kimiyyar siyasa da nazarin dabarun tsaro. Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ta faro a matsayin cibiyar Musulunci a 1977, ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga Najeriya da Nijar da Chadi. A Zariya akwai sashen kimiyyar siyasa da nazarin ƙasa da ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Masu Faransanci kuma suna da cibiyar IRIC ta Yawunde, wadda aka kafa a 1971.

Gaskiyar da ba a so a faɗa

Wannan digiri shi kaɗai ba ya ba da tabbacin aiki. Guraben ma'aikatar harkokin waje kaɗan ne a kowace ƙasa, kuma samunsu ba ya rasa alaƙa da wa ka sani. Iyalin da ya dawo ya tarar an kwashe masa gida ba zai iya caca da kuɗin makaranta ba. Ga kuma littattafan fannin, waɗanda yawancinsu da Turanci suke, suna kuma ɗaukar misalansu daga yaƙe-yaƙen Turai.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa da yawancin ɗalibai ita ce su riƙe sana'a a matsayin babban fanni, su ɗauki al'amuran ƙasa da ƙasa a matsayin ƙarami, ko su yi difloma a kai bayan digiri. Alhilla Kuku ta ba da misali mai kyau. A nan ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan ke da kwalejinta ta likitancin dabbobi. Tumakin Sudan kasuwarsu babba Saudiyya ce, kuma a watan Oktoba 2019 Saudiyya ta dakatar da shigo da su saboda ɓullar zazzaɓin Kwarin Rift. Likitan dabbobin da ya san ƙa'idojin cinikin duniya da yadda ake tattaunawa a ɗage irin wannan takunkumi ya fi wanda allura kaɗai ya iya daraja. Haka ɗalibin tattalin arzikin da ya san hanyar da ƙaro da zinariyar Sudan ke bi zuwa kasuwannin waje.

Matashin Bahaushe a Sudan yana da jarin da bai saya ba: Larabci da Hausa. In ya ƙara Faransanci ko Turanci, zai iya aiki daga Port Sudan har Adre da ke iyakar Chadi, inda kayan agaji ke bi zuwa Darfur, har Yamai da Kano.

Darasi ga sauran ƙasashe

Batun bai tsaya a Sudan ba. Ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Hartum a motocin safa a 2023 sun kwana da kwanaki a iyakar Masar suna jiran izinin shiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, rufe iyaka ya raba Maraɗi da Katsina wata da watanni. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO. Duk waɗannan shawarwari an yanke su ne a ɗakunan taro, amma ɗan kasuwa da makiyayi da ɗalibi suka ɗauki nauyinsu.

Ƙungiyoyin Hausawa da attajiransu da ke biya wa yara kuɗin karatu za su iya ware gurbi ɗaya ko biyu a kowace shekara domin shari'ar ƙasa da ƙasa da harsuna, su kuma haɗa ɗaliban Hartum da takwarorinsu na Zariya da Yamai. Tattaunawar da aka fara a Jidda a watan Mayu 2023 ba ta kawo ƙarshen yaƙin ba, amma duk ranar da aka zauna raba iko da filaye da tantance wane ne ɗan ƙasa, za a tambayi kowace al'umma wa ta turo. Waɗanda za a tura a ranar, yanzu ne suke cike takardar neman shiga jami'a.