Bishiya Ɗaya Ta Isa Hoto

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da manomanmu ke girbin gero da dawa, bishiyoyin ƙasashen sanyi su kan sauya launi kafin su zubar da ganye. Rana tana gajarta, sinadarin da ke sa ganye kore ya ruguje, rawayan da ya ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana, waɗansu itatuwa kuma, irin su mapul wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, su ƙara da ja kamar garwashi. Daidai wannan lokaci ne jami'o'in Ingila ke buɗe sabuwar shekarar karatu, saboda haka 'yan'uwanmu da suka tafi ƙaro ilimi su kan tarar da wannan ado, su ɗauki hotuna su aiko gida.

Abin takaici, mafi yawan hotunan nan ba sa nuna abin da mai ɗaukar ya gani. Ga bishiya dai, amma ga falwaya ta ratsa ta, ga kwandon shara a gindinta, ga rabin mota a gefe, ga farin sama ya cinye kashi ɗaya cikin uku na hoton. Dalili kuwa shi ne, idon ɗan Adam yana zaɓe, kamara ba ta zaɓe. Mutum ya ga jan ganye ya manta da sauran abubuwa, ita kuwa kamara duk abin da ke gabanta ɗaya ne a wurinta. Ra'ayina shi ne, aikin mai ɗaukar hoto na farko shi ne ya yanke shawarar abin da zai bari a waje, kuma ya yanke ta tun kafin ya danna.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Eliot Porter, Ba'amurken da ya yi suna wajen ɗaukar hotunan daji masu launi, ya guji faffaɗan fili da sararin sama, ya riƙa ɗaukar ɗan yanki na kurmi, ko 'yan ganyayyaki a kan ruwa. A shekarar 1979 gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York ya baje kolin hotunansa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle kurmi guda.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. Mutum ya zaɓi bishiya ɗaya, ko ma reshe ɗaya, ya zagaya ta da ƙafa har ya sami kusurwar da bayanta ke da duhu, kamar inuwar tudu ko jerin itatuwa masu koren ganye, domin a kan duhu ne rawaya ke haskawa. Ya sunkuyar da kamara kaɗan don sama ta fita, tun da ido ya kan fara zuwa wurin da ya fi haske. Ranar da hadari ya lulluɓe rana ta fi ranar zafi dacewa, domin inuwa mai kaifi ita ma tarkace ce. Hazon safiya kuma yana shafe abin da ke nesa kyauta. Mai gilashin da ke jawo nesa kusa, kamar mai milimita 200, ya ja da baya ya buɗe ƙofar haske sosai, sai bayan hoton ya dushe. Daga ƙarshe ya bi gefuna huɗu da ido, don a nan ne wayoyi da guntayen rassa ke laɓewa.

Na san waɗansu za su ce wannan wahala ce ta banza, tun da a shekarar 2021 kamfanin Google ya sa wa wayarsa ta Pixel 6 dabarar goge abu daga hoto da ɗan yatsa, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. To, amma abin da na'ura ke cike gurbin da shi ƙage ne, ganyen da bai taɓa tsirowa ba. A shekarar 2015 gasar World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima. Gaskiya ne hoton bishiya ba labarin jarida ba ne. Sai dai mu da za mu zama 'yan jarida da ma'aikatan gandun daji da masu rubuta rahoton gwamnati, in hannunmu ya saba da goge abin da bai yi mana daɗi ba, wa zai yarda da shaidarmu gobe? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda bai sami zuwa Turai ba, bai rasa wurin gwaji ba. In hunturu ya shigo, kuka ta kan tuɓe ganyenta, gawo kuma ya yi kore shar a tsakiyar busasshiyar gona, ga hazo ya rufe bayansu. Jama'a, a taka da ƙafa, a duba gefuna, sa'an nan a danna.